Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Montana, Greg Gianforte: A Cire Zarge Daga Wuyan Kyarketai

Mai girma Gwamna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin wannan jiha ne, a nan nake neman abincina, a nan nake biyan haraji. Ba zan tsawaita shimfiɗa ba, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ka fi ni saninsa, tun da kai ne ka rattaba masa hannu.

A zaman majalisar jiha na 2021, watanni kaɗan da hawanka mulki, aka kawo maka jerin ƙudurori a kan kyarketai, ka sa hannu suka zama doka. HB 224 ta halatta kama su da zarge. HB 225 ta tsawaita lokacin ɗana tarko har zuwa 15 ga Maris. SB 267 ta buɗe ƙofar a riƙa mayar wa wanda ya kashe kyarkeci kuɗin da ya ce ya kashe wajen neman sa. Babbar cikinsu kuwa, SB 314, ta umarci Hukumar Kifi da Namun Daji ta rage yawan kyarketan jihar, ta kuma ba ta damar yarda da a yaudare su da nama, a harbe su da dare a gonakin mutane da fitila da na'urar gani cikin duhu. Hukumar, wadda kai kake naɗa mambobinta, ta zauna a watan Agustan 2021 ta ce mutum ɗaya yana iya kashe ashirin: goma da bindiga, goma da tarko. Sannan ta ɗage ƙayyadadden adadin da ake da shi a yankuna biyu da ke manne da gandun dajin Yellowstone ta arewa, wato 313 da 316, inda kafin nan kyarkeci ɗaya-ɗaya kaɗai aka yarda a kashe a shekara.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A makon farko da buɗe farauta, cikin Satumba, aka harbe uku daga garken Junction Butte: 'yan kwikwiyo mata biyu da wata 'yar shekara ɗaya. Kafin sanyin ya wuce an kashe kyarketan Yellowstone 25, kuma 19 daga cikinsu a ƙasar Montana aka kashe su, 4 a Wyoming, 2 a Idaho. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan na duk kyarketan gandun, kuma ba a taɓa yin irin wannan asara ba tun da aka dawo da su. Garken Phantom Lake ma gaba ɗaya aka daina lissafa shi. Shugaban gandun, Cam Sholly, ya rubuto maka a watan Disamba yana roƙon a dakatar da farautar a bakin iyaka. Amsar da ka ba shi ita ce, kyarkecin da ya fita daga gandun ya shigo Montana, doka ta yarda a kashe shi.

Ai babu wanda ya ce maka doka ba ta yarda ba. Kukan da ake yi, a kan dokar ake yin sa.

Ranka ya daɗe, ka san kwarin Lamar. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan daga Gardiner zuwa Cooke City, wadda ita kaɗai ce ake barinta a buɗe ga motoci a cikin gandun duk tsawon hunturu, ya ga abin da nake faɗa. Tun kafin gari ya waye mutane sun jeru a gefen titi, kowa ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, numfashi yana fita kamar hayaƙi, ana magana ƙasa-ƙasa. Can a ƙetaren kogi kyarketai suna kwance a kan dusar ƙanƙara, ko suna yagar gawar da suka kayar cikin dare, hankaki suna tsalle a gefe suna jiran nasu rabo. Suna ganin mutanen sarai. Sukan ɗaga kai su dube su, su ci gaba da abin da suke yi. Tun suna cikin rami suke jin ƙarar ƙofar mota da muryar ɗan Adam, kuma ba a taɓa cutar da su ba. Wannan dabbar ce za ta bi sawun barewar elk da ke gangarowa ƙasa saboda sanyi, ta taka wani layi da babu shinge babu alama, ta ga mutum a tsaye, ta tsaya tana kallonsa kamar yadda ta saba. Ina jarumta a harbin dabbar da aka shafe shekaru ana koya mata cewa mutum ba abin gudu ba ne? Haka aka kashe macen kyarkeci mai lamba 926F kusa da Cooke City a 2018, kamar yadda aka kashe uwarta, wadda duniya ta sani da suna 06, a Wyoming a 2012. Saboda irin wannan ne aka sa ƙaramin adadi a bakin iyaka tun farko. Hukumarka ta cire shi da gangan, da aka ga ɓarna ta dawo da shi a 2022 ta ce shida. Idan cirewar daidai ce, me ya sa aka dawo da shi? Idan kuskure ce, wa ya fito ya ce an yi kuskure?

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne zarge.

Mutane da yawa da suka ji sunan dokar ba su san yadda abin yake aiki ba, don haka bari in faɗa ƙarara. Wayar ƙarfe ce ake lanƙwasawa ta zama da'ira, a rataye ta daidai tsayin kan dabba a kan turbar da take bi, da wani ɗan makulli da ke barin wayar ta matse amma ba ya barin ta ta saki. Dabba ta zura kai, ta ji abu a wuya, ta fizga. Duk fizgar da ta yi, da kanta take ƙara shaƙe kanta. Masu sayar da shi suna cewa nan take yake kashewa. A kan ƙaramar dabba wataƙila. Kyarkeci kuwa wuyansa kauri gare shi, maƙogwaronsa da ƙarfi, don haka sau da yawa wayar tana toshe jijiyar da ke mayar da jini daga kai, ba ta toshe wadda ke kai shi ba. Jini yana shiga, ba ya fita. Kai ya kumbura, idanu su firfito, dabbar tana raye tana birgima, tana cizon waya har haƙora su karye. Wani lokaci kuma ba wuya wayar ke kamawa ba, ciki take kamawa, ko ƙafa, ko baki. Ƙa'idar jiharmu ta ce mai tarkon kyarkeci ya leƙa tarkonsa aƙalla sau ɗaya cikin awa 48. Kwana biyu cur ke nan, a cikin sanyin Janairu na Montana da ke daskarar da ruwa a cikin kofi kafin ka sha rabi.

Zarge kuma ba shi da ido. Bai san kyarkeci ba, bai san zakin dutse ba, bai san karen wanda ya fito yawo da iyalinsa a dajin gwamnati ba. Yana da arha, ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai ɗauki da yawa a jaka ya watsa su a daji. Na san akwai ƙa'idar a sa masa mahaɗin da zai tsinke idan babbar dabba ta faɗa, akwai kuma tazarar da ake bari daga hanyoyin jama'a. Amma dabbar da ta tsinke waya ta gudu, da wayar a wuyanta ko a ƙafarta take gudu. Dazuzzukan da ake ɗana waɗannan abubuwa su ne dai gidan beyar girizili, da kyanwar dajin nan lynx, da wolverine, wata dabba mai kama da ƙaramin beyar, wadda gwamnatin tarayya ta sa a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a watan Nuwamban 2023, wadda ake ƙiyasin kamar ɗari uku ne suka rage a duk faɗin Amurka in aka cire Alaska. A wannan watan ne ma alƙalin kotun tarayya a Missoula, Donald Molloy, ya taƙaita lokacin tarkon kyarkeci a yankunan beyar zuwa tsakanin 1 ga Janairu da 15 ga Fabrairu, lokacin da ake sa ran suna barci a ramukansu, saboda hujjojin da aka kawo masa na beyar da aka gani da guntulallun ƙafafu da yatsu. Abin kunya ne a ce sai alƙali ya tuna wa jihar Montana cewa tarko ba ya tambayar sunan wanda ya taka shi.

Kai mafarauci ne, kana alfahari da haka, ni kuma ban zo in ce farauta laifi ba ce. Ina cin nama. Maƙwabtana da dama da naman elk suke ciyar da gidajensu duk shekara, kuma kuɗin lasisinsu ne ke riƙe da ma'aikatar namun dajin jiha. A 2016 an tambayi mutanen Montana a akwatin zaɓe ko a hana ɗana tarko a filayen gwamnati, suka ce a'a da babban rinjaye. Na karɓi wannan. Amma mafarautan jihar nan suna da wata ƙa'ida da suke taƙama da ita, cewa dole a bar wa dabba damar tsira, a bi ta da ƙafa da ido da haƙuri. Ƙungiyar Boone and Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 a kan wannan ƙa'ida, hedikwatarta tana nan Missoula. Marigayi Jim Posewitz, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana aiki a ma'aikatar namun dajin Montana, a kan koyar da ita ya ƙare rayuwarsa. To, a gaya mini, wace damar tsira ta rage wa dabbar da aka zuba wa mushe, aka laɓe cikin duhu da na'urar da ke nuna ta tarwai, ita kuma ba ta ganin kowa? Ba 'yan birni masu tausayin dabbobi kaɗai suka yi tir da waɗannan dokoki ba. Tsofaffin masana na ma'aikatarka, waɗanda suka yi furfura a aikin daji, sun fito sun sa sunayensu a takarda sun ce wannan ba kula da namun daji ba ne. Mafarauta ma sun je gaban kwamitin majalisa sun faɗi haka. Idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Dole in taɓo abin da na san ba ka son a riƙa maimaitawa. A watan Fabrairun 2021, a wani gandun kiwo mai nisan kamar mil goma daga iyakar Yellowstone, tarkonka ya kama wani baƙin kyarkeci mai lamba 1155, da abin wuyan da masu bincike suka sa masa. Mai tarko yana da zaɓin ya saki irin wannan dabba don bincike ya ci gaba. Ka harbe shi. Daga baya ta bayyana cewa ba ka halarci darasin da doka ta wajabta wa duk mai son ɗana wa kyarkeci tarko ba, ma'aikatar da ke ƙarƙashinka ta ba ka takardar gargaɗi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A watan Disamba na wannan shekarar kuma ka harbe zakin dutse da karnuka suka kora ya hau bishiya, shi ma da abin wuyan masu binciken Yellowstone. Wannan na biyun bai saɓa doka ba, na yarda. Ba don in ci maka fuska na kawo su ba. Na kawo su ne domin mutumin da ke da irin wannan sha'awa a cikin lamari, ya fi kowa buƙatar ya ja baya ya saurari masana kafin ya sa hannu a doka. Kai kuwa makonni kaɗan bayan an ba ka takardar gargaɗi ka fara sa hannu.

Ka tuna yadda aka yi kyarketai suka dawo hannun jiha. An dawo da su Yellowstone daga Kanada, 14 a 1995, 17 a 1996, bayan an kashe na ƙarshe a gandun a 1926. A lokacin suna ƙarƙashin kariyar dokar tarayya ta 1973. Montana ta rubuta tsari, ta je ta ce a ba ta amana, za ta kula da kyarkeci kamar yadda take kula da baƙin beyar da zakin dutse, a matsayin dabbar ƙasar da ke da gurbinta. A kan wannan alkawari ne Majalisar Tarayya ta cire kariyar a 2011, da hannun Sanata Jon Tester na Montana da Mike Simpson na Idaho. Adadin nan na iyalai 15 masu haihuwa da ake ta ambato, an sa shi ne a matsayin ƙasan da in aka faɗa ƙarƙashinsa tarayya za ta dawo ta karɓe abinta. SB 314 ta ɗauki wannan ƙasa ta rubuta shi a doka kamar inda aka dosa. Alkawari kaya ne, ranka ya daɗe, kuma ba gwamnan da ya ɗauka kaɗai yake bi ba, kujerar yake bi.

Batun biyan kuɗi kuwa, ko da wane suna aka kira shi, mun san asalinsa. Tun 1884 Montana ta fara biyan lada a kan kan kyarkeci, kuma kafin 1918 an biya a kan kimanin dubu tamanin. A 1905 majalisar jihar nan ta yi doka ta sa likitan dabbobi na gwamnati ya riƙa sa wa kyarketai cutar ƙazuwa da gangan, a sake su su je su shafa wa 'yan'uwansu. Har yau ana ganin kyarketai a yankin Yellowstone da gashinsu ya zube, suna rawar sanyi da fata a waje. Yanzu an ce ba lada ba ne, mayar da kuɗin mai da kayan aiki ne, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta da ta samo asali daga Idaho ce ke biya, ba baitulmali ba. Amma sharaɗin karɓar kuɗin shi ne gawa. Wanda ya ƙona mai ya dawo hannu rabbana ba ya samun ko sisi. Ko yaro ya san sunan wannan.

An ce don makiyaya aka yi. Ina girmama masu gandun shanu, kuma wanda ya fita da asuba ya tarar da ɗan maraƙinsa a yage ba ya buƙatar kowa ya karanta masa alƙaluma. Na kuma yarda ba duk asara ake iya tabbatarwa ba, wani maraƙin ɓacewa yake yi, wata saniyar ramewa take yi don firgici. Duk da haka alƙaluman suna nan: jihar da ke da shanu sama da miliyan biyu, waɗanda ake tabbatar da kyarkeci ya kashe a shekara ba sa kai ɗari. Sanyi da ciwo da wahalar haihuwa suna kashe ninkin ba ninkin haka. Akwai hukumar da ke biyan diyya. Tun 2013 doka ta ba mai gona damar harbe kyarkecin da ke barazana ga dabbobinsa, jami'an tarayya kuma suna zuwa su kawar da garken da ya saba ɓarna. Duk wannan yana nan kafin dokokinka. Kuma a jihar nan akwai waɗanda suka nuna hanya. A kwarin Blackfoot masu gandu sun haɗa kai suna kwashe mushe daga gonaki don kada ya jawo namun daji, suna kewaye wurin haihuwar shanu da waya mai lantarki. A Tom Miner, dab da Yellowstone, ana ɗaukar mahaya su riƙa zagaya garke safe da yamma. Ni da na tashi ina ganin Bafulatani a tsakiyar shanunsa da sanda a kafaɗa, ban ga sabon abu a nan ba: garken da ke da mai shi a kusa, ba kasafai naman daji ke kusantarsa ba. Da kuɗi da ƙarfin da aka zuba a kan zarge an zuba su a nan, da makiyayi ya fi amfana. Binciken da Kira Cassidy da abokan aikinta suka fitar a 2023, daga gandayen daji da dama, ya nuna garken da mutum ya kashe masa ɗaya, musamman jagora, ya fi saurin watsewa da daina haihuwa. Matasan da suka watse ba uwa ba uba, ba su ƙware da kayar da elk ba, ina za su nufa in ba wurin tumaki ba?

An kuma ce kyarketai sun cinye elk. A arewacin Yellowstone gaskiya ne garken ya ragu sosai, daga kusan 19,000 a 1994 zuwa ƙasa da 4,000 a 2013, kuma kyarkeci yana da hannu, tare da beyar da zakin dutse da fari da harbin mutane. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma a faɗin jiha elk sun fi yadda suke kafin a dawo da kyarketai, har ma'aikatarka tana ƙara wa mafarauta lokaci a yankuna da dama don a rage su, saboda suna cinye ciyawar masu gandu. Ba za a ce elk sun yi yawa da safe, a ce sun ƙare da yamma ba. 'Yan majalisa biyun da suka ɗauki nauyin waɗannan ƙudurori, Bob Brown da Paul Fielder, dukansu daga Thompson Falls suke, can arewa maso yamma, inda daji ke da duhu, farauta ke da wuya. Kukan mutanensu a saurare shi. To amma ga abin da ya faru: a kakar 2021 zuwa 2022 an kashe kyarketai 273 a duk jihar, adadin da bai kai na kakar da ta gabace ta ba. Wato dokokin ba su magance abin da aka ce don shi aka yi su ba. Inda suka yi aiki kawai shi ne bakin Yellowstone, a kan dabbobin da ba su san gudu ba.

Mutanen Gardiner da Cooke City da Silver Gate su ma 'yan jiharka ne. Da hunturu, in ba don masu zuwa kallon kyarkeci ba, da masaukai da gidajen abinci a rufe suke. Masana tattalin arziki na Jami'ar Montana sun ƙiyasta tun shekaru ashirin da suka wuce cewa wannan kallo yana shigo da kimanin dala miliyan 35 a shekara zuwa jihohi ukun da ke kewaye da gandun, ƙiyasin baya-bayan nan kuma ya haura miliyan 80. Ka hau mulki da taken kasuwanci da samar da aiki. Mutanen nan sun rasa kyarketansu a sanyin 2022, a watan Yuni kuma ambaliya ta cinye musu hanyar shiga gandun. Ambaliya daga Allah ce. Ta farkon kuwa daga Helena, babban birnin jiha, ta zo.

Ko ƙidayar da ake dogara da ita ma akwai magana. Ana cewa kyarketan jihar sun kai kamar 1,100, amma lissafin ya dogara sosai a kan tambayar mafarautan barewa inda suka ga kyarkeci, sannan kwamfuta ta ƙiyasta sauran. Masana, ciki har da Scott Creel na Jami'ar Jihar Montana da ke nan Bozeman, sun yi gargaɗin cewa hanyar tana iya kumbura adadin. Idan ana yanka daga abin da ba a auna daidai ba, sai an wayi gari a ga babu.

Ni na san yadda ake wayar gari a ga babu. A ƙasar da na fito, zaki yana cikin kirarin sarakuna, yana cikin tatsuniya, yana bakin kowa, amma ƙalilan ne suka taɓa jin gurnaninsa. Binciken da aka fitar a 2014 ya gano kimanin zakuna 400 ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, yawancinsu a dazuzzukan da suka haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, a Najeriya kuwa ba su kai hamsin ba, a Yankari da Kainji. Babu ranar da aka zauna aka ce a ƙarar da su. Kowa dai ya ɗauka suna da yawa. Ku kun ƙarar da naku sau ɗaya, kuka yi sa'a akwai Kanada a maƙwabtaka.

Kai mutum ne mai bayyana imaninsa, don haka ba zan ji nauyin faɗin wannan ba. A littafinku an rubuta cewa adali yakan kula da ran dabbarsa. Mu kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har in za a kashe, a kyautata kisan. Don girman Allah, ka zauna kai kaɗai ka yi tunanin kwana biyun nan na dabba da waya a wuya, ka gaya wa kanka ko akwai kyautatawa a ciki.

Abin bai tsaya ba. Idaho ta yi tata dokar a 2021 da za ta iya kai wa ga kashe kashi casa'in cikin ɗari. A Wyoming, a 2024, wani ya take kyarkeci da babur ɗin ƙanƙara, ya ɗaure masa baki, ya kai shi mashaya, tarar farko da aka ci shi dala 250 ce. A zaman majalisarmu na 2025 an sake kawo ƙudurorin cire ƙayyade adadi da na tsawaita farauta har cikin bazara, lokacin da uwa ke shayarwa a rami. Waɗannan ba su kai ga zama doka ba, amma masu su ba su haƙura ba, kuma ban ji muryarka ta ce kul ba. A watan Agustan 2025 kotun tarayya a Missoula ta ce hukumar namun daji ta ƙasa ta sake duba ƙin da ta yi na mayar da kariya ga kyarketan yammacin Amurka. Idan tarayya ta dawo ta karɓe ikon da Montana ta sha wahala kafin ta samu, kada a ɗora wa masu kai ƙara laifi.

Majalisa za ta sake zama a Janairun 2027, kuma shi ne zamanta na ƙarshe a mulkinka. Ba ka da wani zaɓen gwamna a gabanka da za ka ji tsoro. Ina roƙonka ka fito tun yanzu ka ce za ka goyi bayan soke HB 224, a daina kama kyarkeci da zarge a Montana, kuma duk ƙudurin da ya zo teburinka na farauta a lokacin shayarwa ko na kisa ba adadi, za ka ƙi sa masa hannu. Ƙaramin adadin bakin Yellowstone a sa shi a cikin doka, don kada wata hukuma ta sake ɗage shi a zama ɗaya. Biyan kuɗi a kan gawa, da yaudara da mushe, da harbin dare, su ma su bi baya. Kujerun Hukumar Kifi da Namun Daji guda bakwai ne. Idan wata ta faɗi, ka sa masanin namun daji ko mutumin Gardiner a kai. Kafin nan, hukumar tana zama kowane Agusta ta tsara kakar farauta, kuma kalma ɗaya daga ofishinka ta isa ta sa a rage awa 48 ɗin nan ta koma 24.

Ina jiran amsarka a fili, kamar yadda na rubuto a fili.

Naka,
Wani mazaunin Bozeman, Montana